Tarin Inna Luba

Kurmin Sarki, Suleja
Litinin

Zuwa ga Likitan Gawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addini, wadda ko bare ya cancanta balle ɗan da mutum ya haifa, ina fata kana lafiya, kai da Rabi'a da jaririn da aka ce mini an haifa maka.

Da ajami na rubuta, don shi kaɗai na iya. In boko bai cinye maka shi ba, sai ka karanta. In ya cinye, ka nemi wani tsoho a Gawu ya taimake ka.

Ga doyarka da shaddarka nan na mayar maka ta hannun Khamis direba. Ban ce ina jin yunwa ba, ban kuma ce ina yawo tsirara ba. Wanda ya riƙe hannun ubansa a gaban jama'a ba da doya yake wanke laifinsa ba. In kai ka manta, ni ban manta ba. Ranar sunan ɗan Nata'ala, mai haya a bayan gidanmu, na tsugunna na buɗe bakin jariri zan cire masa belu, kamar yadda na cire naka, kamar yadda ubana ya cire nawa, sai ka taso daga cikin taro ka damƙe mini wuyan hannu. Ka ce, "Baba, a daina wannan, yana kashe yara." A gaban liman ka faɗa, a gaban mai unguwa, a gaban 'yan Kano da 'yan Zariya masu aikin Abuja, waɗanda da ma abin dariya suke nema su tafi da shi ofis. Tun daga ranar wa ya ƙara kirana suna? Sai dai tsofaffi irina su zo in kankare musu furfura. Zabirar wanzancin kakanka tana rataye a zaure, gizo-gizo ya mayar da ita gidan haya, shi ma ya zama ɗan Suleja.

A ranar na ce kada ƙafarka ta ƙara taka zaurena. Maganar tana nan. Bakina ɗaya ne.

Shi jaririn naka wa ya yi masa askin suna? Ko da injin lantarki aka sassaɓe shi kamar tunkiya? Kada ka amsa, ba na son sani.

Uwarka ba ta san na mayar da kayan ba, tana kwance. Ta je ta'aziyya Zuma, ruwa ya doke ta a bakin titi tana jiran mota, manyan motocin Abuja suna wucewa suna ƙara watsa mata na ƙasa. Ta dawo da mura, murar ta koma tari, yanzu tarin ya sauka ƙirji. Ta ce in ta ja numfashi haƙarƙarinta na dama yana sukanta. Sanyi ne ya shige ta, ba wani abu ba. Gobe da hantsi zan kafa mata ƙaho in zuƙe shi. Ba don ka damu na faɗa maka ba, don dai kada ka ji a bakin Khamis ka ce an ɓoye maka. Wannan yaron bakinsa ya fi motarsa gudu.

Ka gaida Rabi'a, ita ba ta yi mini komai ba. Wassalam.

Ni ne ubanka, ko kana so ko ba ka so,
Bamalli Wanzami

*

Gawu
Talata

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Takardarka ta iso, na karanta ta ba tare da na nemi tsoho ba, ai kai ka koya mini. Kayan ma sun iso. Na karɓa, ban ji haushi ba. Yaron sunanka ya ci, muna kiransa Baffa.

Baba, kullum ina faɗa maka ni ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibiti. Amma ɗan abin da na sani ya hana ni sukuni kan maganar Inna. Na kira wayarta, na ce yaya jiki, ta ce da sauƙi, ta miƙa wa Nkechi mai hayar ɗakin ƙofa wayar. Ka san halinta, kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin ta ta yi doguwar magana da ni ba. Don haka kai nake roƙo ka zama idona.

Tarin ƙirji ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda yake biyo bayan mura ya tsaya a hanyoyin iska. Mai shi yana tari da kaki, har ya daɗe yana yi, amma yana cin abinci, yana zagayawa, numfashinsa daidai. Wannan hutu da ruwan ɗumi da zuma sukan ishe shi. Akwai kuma wanda yake shiga cikin huhun kansa ya cika shi da ruwa da mugunya. Shi ne kuke kira ciwon haƙarƙari, mu muke ce masa nimoniya, kuma yana saurin kayar da tsofaffi da ƙananan yara. Sukan da ka ce tana ji in ta ja numfashi shi ya tsorata ni.

Don Allah ka duba mini. Jikinta da zafi, tana rawar sanyi? In tana kwance shiru, numfashinta yana sauri kamar wadda ta hau tudu? Kakin da take tofarwa fari ne, ko ya koma kalar tsatsa? Ka kuma riƙa duba leɓenta da farcenta, in suka fara yin duhu, ko ka ji tana magana ba kan gado, to ba a kwana da ita a gida.

Ƙaho ba ya kaiwa inda wannan ciwon yake, Baba. Magani yake so, wanda likita zai rubuta bayan ya saurari ƙirjin, a sha shi har ƙarshe.

Ina neman izininka in zo in duba ta. Ba zan zauna ba, ba zan sha ko ruwa ba in ba ka so. Rabi'a tana gaishe ku, tana yi wa Inna sannu.

Ɗanka mai neman albarka,
Ghali

*

Kurmin Sarki
Alhamis

Zuwa ga wanda ya ce shi ba likita ba ne amma yake koya wa ubansa tari,

Amin wa alaikumus salam. Na gode da ka sa wa yaro sunana. Allah ya raya shi, ya sa kada ya ɗauko halin ubansa.

Na ga tambayoyinka jere kamar na ɗan sanda. Kafin a yanke maka cibiya nake sauraron ƙirjin mutane a garin nan, tun Suleja ba ta cika da baƙi ba, tun kana iya tsayawa a ƙofar gidanmu ka hangi Dutsen Zuma ba benen kowa a gabanka. Amma tunda ka tambaya, ga amsa. Zafi akwai, ta yi rawar sanyi har gado yana motsi. Numfashi kuwa, tsohuwa ce, da ma can haki take yi. Kaki ya ɗan yi ja-ja kamar na mai cin goro, alhali ta rabu da goro tun haƙoranta suka fara zuba. Wannan ai dattin ciwon ne yake fita.

Na kafa mata ƙaho a haƙarƙarin dama da bayan kafaɗa. Da ka ga abin da ya fito, da ka daina yi mini karatu. Jini baƙi ƙirin, gudaji-gudaji. Na nuna wa Nkechi, na ce ga ciwon nan a kasko. Sannan na dafa ganyen darbejiya da na gwaiba da ciyawar shayi, na lulluɓe ta da bargo ta yi sirace, ta haɗa gumi sharkaf.

Ita wannan Nkechi mai manja, da na ba hayar ɗakin ƙofa, ta zama mini alƙali a gida. Ta kalli kaskon ta yatsine fuska, ta ce, "Baba, abeg, wannan ba aikin ƙaho ba ne. Mamana haka ta yi a ƙauye." Na ce mamanki Suleja ta zo? Ta fita, sai ga ta da kafso ja da rawaya daga kemis, an ƙulla a leda. Uwarka kuwa ta fi jin maganar Nkechi da tawa, ta haɗiye. Na ƙyale su don a zauna lafiya. Ta sha na yini biyu, yau zazzaɓin ya sauka, na ce a ajiye sauran haka nan, kada a cika mata ciki da guba. Yanzu da nake rubutun nan tana zaune a bakin murhu tana tuƙa mini tuwo, ta ce ta gaji da ganin ina cin abin da Nkechi ta dafa, barkono yana sa ni hawaye. Nkechi na cewa kafsonta ne, ni kuwa na san abin da na zuƙe. Uwarka takan tsaya ta dafa bango ta huta, amma wa ya tashi daga ciwo bai dafa bango ba?

Maganar zuwa. Ai ƙofa ba ni na rufe ta ba, bakinka ne. Ga yadda za a yi. Gobe Juma'a, in an sauko masallaci, ka zo gaban liman da mai unguwa da shi Nata'ala, ka durƙusa ka ce abin da ka faɗa a kaina ƙarya ne, wanzanci bai taɓa kashe ɗan kowa ba. A inda aka zubar da mutunci a nan ake kwashe shi. In ka yi haka, ka shigo ka duba uwarka har ka kwana. In ba za ka iya ba, ka zauna a Gawu ka ci doyarka.

Wassalam.
Bamalli Wanzami

*

Gawu
Juma'a da safe

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Baba, Allah ya huci zuciyarka. A gurguje nake rubutu don Khamis yana lodi.

Amsoshinka ba su kwantar mini da hankali ba, sun tayar da shi. Kaki mai ja-ja da rawar sanyi da haki, su ne dai alamun da nake tsoro. Jinin ƙaho kuwa, ko ni mai lafiya ka kafa mini, haka zai daskare ya yi baƙi. Saukar zazzaɓin nan ba warkewa ba ce. Kafson ya danne ciwon ne bai kashe shi ba, kuma in aka tsaya a rabi yakan dawo da ƙarfin da ya fi na da. Ban ma san ko shi ne maganin da ya dace da ita ba. Don girman Allah kada ta ƙara zama a hayaƙin murhu.

Zan durƙusa a gaban duk wanda ka ce, in nemi gafara kan yadda na yi maka a cikin taro. Na yi rashin ladabi, ya kamata in same ka a zaure mu biyu. Amma ba zan iya cewa ƙarya na faɗa ba, Baba. Na ga jariran da aka kawo mana jini ya ƙi tsayawa. In na ce ƙarya ne, gobe wata uwa za ta miƙa ɗanta saboda maganata.

Ga wata hanya da ba za ta karya maganarka ba. Na yi magana da Khamis, zai zo ƙofar gida da mota yau bayan Juma'a. Nkechi ta rako Inna babban asibitin Suleja, ni zan jira su a can. Ƙafata ba za ta taka zaurenka ba.

Ka yi mini wannan, Baba.

Ɗanka,
Ghali

*

Kurmin Sarki
Asabar

Kai,

Salamu alaikum. Na kori Khamis jiya. Matata ba buhun masara ba ce da za a jefa a mota a kai wa wani a bakin ƙofar asibiti, unguwa tana kallo, a ce Bamalli ya kasa. Na ji ka je ka tsaya a can har la'asar. Wannan kai ka sa kanka. Gafarar da za a nema rabi a bar rabi kuwa, ka riƙe abarka.

To amma akwai abin da zan tambaye ka, ba don ban sani ba, don dai in ji abin da littafinku ya ce.

Tun jiya da yamma uwarka ta koma kwance. Zazzaɓin bai dawo ba, jikin ma sanyi ƙalau, hannunta kamar an tsamo daga randa. Na ɗauka alheri ne. Amma ta ƙi koko, ta ƙi ruwa, kuma ba ta iya kwanciya sosai, sai an jingina ta da bango. Yau da hantsi na shiga da ruwan alwala, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Bamalli, ka rufe taga, Iya tana jin sanyi." Iyarta da ta rasu tun kana rarrafe. Kuma ka ji abin da na ce, sunana ta kira. Tun da aka kawo matar nan gidan nan ba ta taɓa kama sunana ba, ko a bayan idona. Malam take cewa. Can kuma sai ta ce, "Ghali ya ci abinci?" Kai ma ka san bakinta bai taɓa furta wannan sunan ba, kullum mutumin Gawu take ce maka, da can kuma wancan yaron.

Na ce wannan ba ciwon jiki ba ne kuma, iska ce ta same ta a bakin titin nan na Zuma, wurin ba ya rasa mutanen ɓoye. Na karɓo rubutu, na kuma rufe ɗaki na yi mata turaren hayaƙi. Sai tari ya sarƙe ta har idonta ya juya. Nkechi ta banko ƙofa ta kwashe kaskon ta watsar a tsakar gida, tana kuka tana zagina da yarensu. A gidana.

Me ka ce game da leɓe? Na nemi takardarka ta farko ban gan ta ba, ina jin na kunna wuta da ita. Na duba nata, sun yi shuɗi kamar ta sha baban rini, amma ɗakin da duhu, kuma idona ba kamar da ba.

Ban janye maganata ba. Sai dai ka sani, zauren nan da rana a buɗe yake, kuma ni ba kullum nake zaune a ciki ba. Wani lokaci ina masallaci.

Ubanka

*

Kurmin Sarki
Bayan addu'ar bakwai

Zuwa ga ɗana Ghali,

Assalamu alaikum. Ina yi maka ta'aziyyar uwarka. Mun zauna tabarma ɗaya muna karɓar gaisuwa, mutane suna cewa Allah ya ba ku haƙuri, muna amsawa tare, amma ni da kai ba mu yi wa juna ba. Da aka shafa fatiha ka durƙusa ka ce, "Baba, zan koma," na ce Allah ya kiyaye hanya. Shi ke nan abin da muka iya. To ga ta a takarda. Allah ya jiƙan Luba, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya ba ka haƙurin rashinta.

Khamis ya zo ya tsugunna yana kuka, wai takardata ta Asabar ta kwana a motarsa, lodin Minna ya samu bai bi ta wurinka ba. Na ce ya tashi, ba shi ya kashe ta ba. Ashe wayar Nkechi ce ta taso ka ranar Lahadi.

Kana wurin, amma bari in faɗa maka yadda ni na gani. Ina zaune a zaure na ji tsayuwar babur, na ji sallamarka. Na amsa. Ka tsaya a dokin ƙofa da jakarka a hannu, kana jira in ce shigo. Kalmar tana bakina, wallahi tana bakina, na ji ta yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ni ina kallon ƙasa, kai kana kallon ƙasa, uwarka tana ciki tana kokawa da numfashi. Sai da Nkechi ta fito ta finciko rigarka, ta ce, "Ku biyun nan ba ku da hankali!" Matar da na ce ta zama mini alƙali. Ta yi gaskiya, kuma har yau ban iya haɗa ido da ita ba. Ta rufe rumfarta ta kwana bakwai a ɗakin Luba tare da dangi.

A asibiti likitar nan 'yar ƙarama, wadda ba ta kai ka shekaru ba, ta ɗaga rigar uwarka za ta sa abin sauraro, ta ga shaidar ƙahona jere a haƙarƙari. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na sami abin riƙewa. Cewa kawai ta yi, "Baba, yaushe kakin ya canza kala?" Na faɗa mata. Daga baya ta ɗaga hoton ƙirjin a fitila ta nuna mini. Ta ce inda ya yi baƙi nan iska take, inda ya yi fari nan ciwo ya cika. Na duba, fari ya cinye dama ya haura hagu. Na auna da yatsana daga fata zuwa wurin. Ghali, ƙaho ba ya kaiwa can. Duk tsawon rayuwata ina zuƙar bakin rijiya ne.

Sun sa mata iska a hanci, sun yi allurai, sun ƙara ruwa. Na ga sun yi iya yinsu. Na ga kuma ta farfaɗo ranar Litinin, ta riƙe hannun rigarka tana kallon fuskarka ba ta sunkuyar da kai ba. Ina bakin taga a waje. Ban shigo ba don kada ta gan ni ta saki.

Kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Na sani, ni ma na faɗa wa mutane haka a gidajen makoki ba iyaka. Amma da ta tashi ta tuƙa mini tuwon nan tana dafa bango, na zauna na cinye har ina santi, ina murna na kayar da Nkechi. Wannan tuwon ya tsaya mini a wuya.

Yanzu ga abin da yake cina, kuma sai na faɗa, ko ka ji haushi. Me ya sa ka ji maganata? Saboda jaririn Nata'ala, ɗan mutanen da ba dangin iya ba na baba, ka tsallake liman da mai unguwa ka damƙe hannuna ba ka nemi izinin kowa ba. Amma uwar da ta haife ka, ka zauna a Gawu kana aiko mini da takarda kana neman izini. Tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa a sauke ba. Ka san ni, ka san taurin kaina, ka kuma san ciwon tun ranar Talata, kai ka faɗa mini sunansa. Da ka zo ka ture ni ka ɗauke ta, me zan yi? In tsine maka? Da na yi fushi na shekara, da yanzu tana nan tana ba ni haƙuri. Ban ce laifinka ne ba. Nawa ne, na ɗauka. Amma ina tambaya.

A ƙarƙashin katifarta an sami sabon zanen goyo da 'yar hula, ta saƙa wa Baffa ba ta faɗa mini ba. Ga su nan wurin Khamis. Ka ce wa Rabi'a ta goya shi da shi, kada ta adana a akwati.

Ni lafiyata ƙalau. Zaman tabarma a ƙasa mai danshi ya sa mini ɗan tari, da ɗan zazzaɓi da yamma, ba wani abu ba ne. Da sauƙi.

Wassalam.
Ubanka, Bamalli

*

Gawu
Laraba

Baba,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu haƙuri. Zanen ya iso, Rabi'a ta goya Baffa da shi tana kuka.

Tambayar da ka yi mini, ita nake yi wa kaina tun ranar da muka dawo daga maƙabarta.

Ina bayan wannan takardar a mota ta gaba. Ka sa riga mai kauri ka zauna a shirye, asibiti za mu. Wannan karon ba izini nake nema ba, Baba, sanar da kai nake yi.

Ɗanka,
Ghali